Dogo Ya Tsaya a Filin Shanya

Makarfi, ƙarshen watan Maris

Zuwa ga maigidana Salmanu, sarkin gudun cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya karatu, ya zaman Akure, ya haƙuri da tuwon rogo? An ce ka rame. Na ce alhakina ne, wa ya aike ka barin tsohuwar matarka ka tafi karatun gajimare? Uwarka Mero tana gaishe ka. Ni ƙafar dama ce kawai take min tsiya da safe, amma da ta ji rana sai ta saki. Kada ka bugo waya kana tambaya. Wayar nan sai na ɗaga murya nake ji, kafin in ce maka ina kwana duk layi ya amsa. Takarda ta fi min, tunda ga Bilya direba yana kai tattasai kudu, yaƙi da jahilcin da na yi kuma bai bi ruwa ba.

Kwalin da ka aiko ya iso. Na zaci atamfa ce, har na wanke hannu. Ina buɗewa sai ga ludaya uku a jikin sanda, ga kibiya, ga mazurari, ga faranti an kife kan faranti kamar kayan jeren amarya. Mero ta ce wai na'urar auna yanayi ce, za ta riƙa auna ruwan sama da iska da zafi tana aika maka har can, da ita za ka rubuta aikin gama makaranta. Ni dai na raɗa masa suna Dogo.

Saminu mai gyaran sola ya zo haɗawa, takardarka a hannunsa. Na ce a sa baƙo a inuwar mangwaro, haka aka san mutunci. Ya ce takarda ta hana, ganye zai tare masa ruwa. Na ce to kusa da madafa, in riƙa ganinsa. Ya ce zafin murhu zai sa ya yi ƙarya. Jikin katanga fa? Wai katanga tana kare iska, sai an nisanta shi da ita ninkin tsayinta har ya fi. Kan simintin bakin rijiya? Wai siminti yana riƙe zafi, shi ƙasa yake so. Na ce wannan ba baƙo ba ne, surukin zamani ne. Muka yi ta yawo da shi a gida har ya zaɓi tsakiyar filin shanyata, inda ba abin da ke kansa sai sama. Kibiyar ma sai da aka nuna mata arewa, ni ina cewa nan, wayar Saminu tana cewa can, waya ta ci.

Ka ce kada a zuba siminti sai an gwada wurin. To mun tsayar da shi cikin tsohon turmina da gindinsa ya fashe, mun cika da duwatsu, mun ɗaure da igiyar guga. Tun ranar ban huta ba. In kori awaki kada su ci wayarsa, in cire ganye daga mazurari, in goge masa farantin sola. Matan layi kuma sun mai da ni boka, kowa ta shigo sai ta ce, Iya, yaushe za a yi shuka? Ka haɗa ni da ƙarfe, ba ya cefane, ba ya hira, sai hidima. Allah ya isa, Salmanu.

Wani labarin kuma. Mutumin nan, babanka, ya sa an sauke bulo a jikin katanga. Tun da aka zuba kwalta a layinmu kowa ya fasa katangarsa ya yi shaguna. Shi nasa shirin, shaguna ta waje, ɗakunan haya a bayansu, har su cinye filin shanya. Ba ni aka gaya wa ba, a bakin Mero na ji. Na dai ce ta shaida masa takardar Dogo ta hana gini kusa da shi. Yanzu bulo na zaune, Dogo na tsaye, ni ina tsakani ina baza kuɓewa. Saboda haka kada ka yi gaggawar gama karatun nan. In sun ce ka maimaita shekara, ka maimaita, ba zan yi fushi ba.

Ga ƙuli-ƙuli da yaji nan a hannun Bilya. Ka ƙirga a gabansa, na san halinsa.

Taka har kullum,
Iya Ummuhani

Akure, farkon watan Afrilu

Zuwa ga uwargida Iya, ran ki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki da ƙuli-ƙuli, Bilya bai taɓa ba sai abin da ba a rasa ba. Ina lafiya, ramar da aka ce na yi ƙarya ce. Ya ƙafar? Don Allah ki riƙa shafa maganin da aka ba ki a asibiti, ki daina cewa rana ce likitanki.

Iya, ki yafe min. Da na karanta takardarki sai kunya ta kama ni. Na yi tunanin aikina kawai, ban yi tunanin shekarunki ba. Ga ciwon ƙafa, ga korar awaki, ga shi na tsaya a tsakiyar wurin shanyarki, kuma na tsayar wa Baba da gininsa ba tare da na sani ba.

Mun yi magana da Baba a waya, mun sami mafita. Za a kai Dogo, kamar yadda kika sa masa, gidan Kawu Iliyasu a Gazara. Bayan gidansa fili ne fetal, ba katanga ba bishiya, malamin da ke duba aikina ma ya ce can ya fi. Baba ya ce da kansa zai kai shi a mota kafin ruwa ya sauka, daga nan magina su fara. Kin ga kin huta, Baba ya huta.

Zancen maimaita shekara kuwa, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Bana zan gama in sha Allahu, in dawo in sake ki in auri 'yar zamani.

Maigidanki,
Salmanu

Makarfi, tsakiyar watan Afrilu

Zuwa ga Salmanu, mai ido ba gani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, zafi ne dai ake yi kamar an kife mu da kasko. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Ashe karatun naku na sama ne kawai, abin da ke ƙasa ba kwa gani? Tun kana tsumma nake zaginka kana dariya, sai yau ka ɗauki Allah ya isa ta kaka ka kai ta kotu? Wa ya ce maka na gaji? Wa ya ce ka nema min hutu?

To ranar wanka ba a ɓoye cibi. Saurara. Babanka ɗan farina ne. Tun ranar da ya faɗo duniya ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. Haka na tarar ana yi a garinmu Likoro, haka uwata ta yi da yayana. Kullum da safe yana zuwa ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Yanzu da furfurarsa da tawa, ta ina zan fara buɗe baki in ce masa ga abin da nake so, ga abin da ba na so? Mero kuwa suruka ce, ba zan sa ta tsakanin ɗa da uwa ba. Abin da na iya shi ne in laɓe bayan Dogo, kai kuma ka zo ka ɗauke min shi.

Filin nan ba wurin baza tattasai ba ne kawai. Lokacin da marigayi kakanka Malam Tukur ya sayi wurin nan, gonakin rake ne ko'ina, mutane suna ce masa ya kai iyalinsa daji. Yau gari ya iso mu ya wuce. Duk gidajen layin nan an gine su har wuya, in ka shiga ka ɗaga kai, samansu kamar bakin tulu. Shi ya sa matan layi suke kawo shanyarsu wurina. Su baza, mu zauna, a yi tsifa, a ci naman wanda bai zo ba. In aka gine filin, su ba su da dalilin shigowa, ni kuma ba ƙafar zuwa wurinsu. Sai in zauna a ɗaki ina jin rediyon 'yan haya. Ni da aka haifa inda ake hango hadari tun yana Ikara.

Ga abin da nake so da kai. Ka buga wa mutumin nan waya ka ce malaminka ya sake shawara, Dogo ba ya aiki ko'ina sai a nan. Ka haɗa masa da Turanci mai kauri, ba zai yi gardama ba. Ƙaramar ƙarya ce, zunubin a wuyana, ai na fi ka kusa da wurin hisabi, zan yi bayani.

Ba ƙuli-ƙuli wannan karon. Ka yi aiki tukuna.

Iya Ummuhani

Makarfi, farkon watan Mayu

Salmanu,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke. Shiru ban ji daga gare ka ba, Bilya ma ban ga ƙeyarsa ba, wannan a hannun wani direban nake ba da ita.

Magina sun zo sun ja igiya, sun zuba layin toka a ƙasa. Layin ya bi ta gefen turmin Dogo ya wuce har inda nake shimfiɗa tabarma. Na sa tsintsiya na share da sunan shara, washegari suka sake zubawa. Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa.

In fushi ka yi don na ce maka mai ido ba gani, na janye rabi. In kuma ka ga maganar tsohuwa ce ba ta kai a amsa ba, to shi ke nan, ka faɗa min in san na kwashe kayana. Na fara raba wa matan layi buhunan shanyarsu da ke wurina. Hafiza makwabciyata ta tambaye ni dalili, na ce ɓeraye.

Iya

Akure, tsakiyar watan Mayu

Zuwa ga Iya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Wallahi ba fushi na yi ba. Motar Bilya ce ta lalace a hanya, takardunki biyu rana ɗaya suka iso ni. Na karanta ta farko ina dariya, na karanta ta biyu na kasa cin abinci.

Iya, ba zan iya yi wa Baba ƙaryar nan ba. Ko na yi ma, ba za ta kai ki ko'ina ba, aikina damina ɗaya ne, da kaka ta yi bulo zai tashi. Na so in gaya masa gaskiya da bakina, amma kin san abin da zai ce: rigimarku ce ta kaka da jika. Duk abin da ya fito daga wurina game da ke, wasa yake ɗaukarsa.

Amma na bugi cikinsa, na tambaye shi me ya sa sai filin shanya. Kin san me ya ce? Wai bara ya shigo gida ana yayyafi, ya gan ki kina jan buhun tattasai, kika durƙusa a kan gwiwa, kika ɗaga kai kika gan shi, sai kika yi kamar tsintar wani abu kike. Bai iya zuwa ya ɗaga ki ba don kada ya ba ki kunya. Ya ce tsohuwar nan ba za ta daina shanya ba sai ranar da filin ya ƙare, gara a gine, abin da haya ta kawo a yi mata hidima da shi. Na ce to ko ba ta so? Ya ce ai da ba ta so da ta aiko.

Kin gani, ke kina jiran ya gane, shi yana jiran ki aiko. Ni nawa auna iska ne, wannan ya fi ƙarfin na'urata. Asabar mai zuwa ya ce zai kai Dogo Gazara. Kafin nan a ƙara masa igiya, iskar farkon damina ba ta da mutunci.

Salmanu

Makarfi, farkon watan Yuni

Zuwa ga maigidana Salmanu, malamin da ba ya ƙarya sai ga 'yan mata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna lafiya, an yi shuka, garin ya yi sanyi, ƙafa har tana neman rawa. Mero tana gaishe ka. Gyara zama, yau akwai labari.

Takardarka ta same ni ranar Alhamis. Na karanta na zage ka, na sake karantawa. Ashe mutumin nan ya gan ni ranar da nake jan buhu. Ni duk zatona na iya wasan.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga hadari baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa, ludayan Dogo suna juyawa har ba a ganinsu. Igiyar guga ta tsinke, turmi ya mirgina, Dogo ya kwanta rub da ciki a cikin taɓo. Allah ya taimaka ba abin da ya karye, kibiyar ce ta ɗan lanƙwashe. Ni da Mero muka jingina shi da bulon babanka, ka ga ikon Allah, maƙiyi ya zama matashi.

Asabar da hantsi babanka ya shigo da igiya da buhu, motar tana ƙofar gida. Ina zaune a tabarma ina tsince wake, na ba shi baya. Ya gaishe ni, na amsa wa katanga. Ya tsuguna yana kwance wa Dogo ƙusoshi. Na ce a raina, Ummuhani, in ƙarfen nan ya fita ƙofar nan, bakinki ya rufe ke nan har kabari. Sai na tuna yadda uwata take yi in tana son gaya wa yayana magana, kyanwar gida take yi wa faɗa yana ji. Na gyara murya na ce:

"Kai Dogo, tunda tafiya za ka yi, ga saƙo. Ka gaya wa mai gidan nan, ni ba na son a gine filin nan."

Salmanu, ƙarar ƙusa ta tsaya. Mero da ke bakin madafa ta shige ciki da sauri har da tuntuɓe. Na ci gaba, tunda an riga an jiƙe ba a tsoron yayyafi.

"Ka ce masa ba kuɗin haya nake so ba. Sama nake so, da mutane. Ka ce masa na san don ni yake yi, Allah ya yi masa albarka, amma wanda aka rufe a ɗaki don kada ya faɗi, an riga an kayar da shi."

Har na zaci ya fita. Can sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa:

"Dogo, ka ce mata na ji. Ka tambaye ta, me ya hana ta faɗa tun ba a sauke bulo ba?"

Na ce, "Dogo, ka ce masa da can ba ka zo ba."

Sai ya yi dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Ni ma wake ya yi ta ɓace min. Ya ce, "To Dogo, ni ma ina da sharaɗi. Ba ta ƙara jan buhu. In hadari ya taso, ta kira Mero, ko ta bar shi ya jiƙe." Na ce, "Dogo, ka ce masa ƙaramin buhu fa?" Ya ce, "Dogo, ko na gishiri." Ka ji mugunta.

Ba duka na ci ba, kada ka ce na yi maka ƙarya. Shaguna biyu za a yi ta bakin titi, bulo ba zai zauna banza ba. Garken awakina ya tafi a ciki, an mayar da su bayan madafa suna ta zagina. Amma ɗakunan haya an fasa. Saminu ya zo ya auna, ya ce tazarar shagunan da Dogo ta isa, sai dai ka rubuta wa malaminka cewa ta yamma akwai gini.

Babanka da kansa ya haƙa ramin, ya hana magina taɓawa. Ya zuba kankare, ya tsayar da sandar, ya ɗora ɗan abin nan na magina mai kumfa a ciki, ya yi ta gyarawa har mazurari ya zauna daidai. Ya ja wayoyin ƙarfe ta kusurwa uku ya ɗaure a turaku, ya kewaye gindin da raga saboda awaki. Saminu ya miƙe kibiya, suka sake nuna mata arewa. Shekaranjiya an yi iskar da ta fi ta ranar, ta ɗauke kwanon makwabta, Dogo ko gezau. Ka duba na'urarka ka gani in ya aiko maka ruwan, in bai aiko ba ka faɗa min in ja masa kunne. Kawunka na Gazara kuma ka ba shi haƙuri, na ji har ya share wuri.

Matan layi sun dawo da buhunansu. Hafiza ta ce ya ɓerayen, na ce sun yi tafiya.

Yanzu kullum in mutumin nan ya gama gaisuwa a ƙofar ɗaki, sai ya zagaya ya tsaya wurin Dogo yana taɓa wayoyi, wai yana duba ko sun saki. Ni kuma sai in fito da tabarma. Na aika masa ya rage sukari a shayi, ya aiko min in riƙa shafa magani. Yau da safe ya daɗe a tsaye yana murza waya ɗaya da ba abin da ya same ta, sannan ya ce:

"Dogo, tambaye ta, wai da gaske ne ranar da aka haife ni ruwa ya cinye hanyar Likoro?"

Na ce, "Dogo, ka ce masa ya jawo kujera. Labarin da tsawo."

Ya jawo. Sai da rana ta take muka tashi, ban ko kai wurin zuwan ungozoma ba.

Ga ƙuli-ƙuli nan, ka ci ka yi ƙiba. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo min da kai lafiya.

Matarka da ba ta sakuwa,
Iya Ummuhani